Kabarin Baba a Bayan Gidanmu na Gonin Gora

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Bulus, wanda 'yan unguwarmu a Gonin Gora suke kira Baba Masaƙa, saboda a masaƙar Kakuri ya ƙarar da ƙarfinsa. Ya rasu a damunar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki. Da sandarsa ya je ya bi layin zaɓe, ya dawo yana cewa shi dai ya sauke nauyi, sauran aikin na masu rai ne. Muka ɗauka irin zolayarsa ce.

A wajenmu mutanen kudancin jihar nan, ko a Legas mutum ya mutu, ƙauye ake kai gawarsa a kwantar da shi kusa da iyayensa. Baba kuwa ya kafe sai dai a binne shi a bayan gidansa, ƙarƙashin gwaibar da ya dasa. Ya sayi filin tun wurin yana daji, shi ya buga bulo da hannunsa, kuma bai yarda da mu ba ko kaɗan. Ya ce yaran zamani kafin a tashi zaman makoki sun kira dillali, amma ba mai sayen gida da kabari a ciki. Wato ko bayan ransa shi zai zama maigadin gidan.

Yayansa, Baba Yakubu, ya taho da mota daga ƙauye don ɗaukar gawa, ya koma da ita wayam. A bakin ƙofa ya ce mana, "Tunda Kaduna ya zaɓa, Kaduna ta riƙe shi. Kada ku ƙara kawo mana maganarsa." Tun daga ranar bai sake taka gidanmu ba.

Dabarar Baba ta yi aiki a kan dillalai. Abin da bai hango ba shi ne garin zai taso ya iske mu. Shekaru uku da suka wuce wani kamfanin gine-gine ya karɓi ɓangarenmu gaba ɗaya don gina rukunin gidaje da kantuna, aka shafa wa katangarmu jan fenti. An auna ɗakuna, an auna rijiya, har gwaibar an sa ta a lissafin diyya. Da muka zo kan kabari, injiniyan ya cire hularsa ya ce, "Ku yi haƙuri, ku ɗauke shi kafin katafila ta shigo. Nan hanya za ta bi."

Mu ɗauke shi mu kai shi ina? Mama ta daina cin abinci. Ni kuma na yi makonni ina neman dalilin da zai hana ni zuwa ƙauye, domin gaskiya tsoron Baba Yakubu nake ji. Idan ya ce a'a, sai dai maƙabartar gari, cikin baƙi.

Daga ƙarshe na je, na same shi zaune a gindin ɗorawa, ido ya yi rauni amma baki yana nan yadda na san shi. Na durƙusa na yi bayani. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Wato Kadunar ta gaji da shi." Na ce, "Haka ne, Baba." Ya miƙo hannu in tayar da shi, muka zaga bayan gida inda kaburburan danginmu suke. Kusa da na kakanmu akwai wani wuri da aka zagaye da duwatsu, an nome shi tas, ba kowa a ciki. Ashe duk damina yakan sa a nome shi, kuma lokacin da matarsa ta rasu aka ce a sa ta a nan, ya ƙi.

"Na yi fushi da shi, har gobe ma ina yi," in ji shi. "Amma wurinsa wurinsa ne. Wa zan ba?"

Na durƙusa na yi masa godiya. Rabona da irin wannan sauƙi a ƙirjina tun kafin a shafa fentin nan.

Yanzu idan na bi ta tsohuwar unguwarmu nakan rage gudu in duba. Gidaje ne reras iri ɗaya, da jan rufi da fitilu masu aiki da hasken rana, kuma ba zan yi ƙarya in ce ba su yi kyau ba. Nakan tambayi kaina me Baba zai ce. Na san zai fara da tambayar inda ake ɗaure akuya, ya ƙare da zagin wanda ya sare gwaibarsa. Amma zai yaba magudanar ruwan, shi da ya sha kwashe laka a tsakar gida duk watan Agusta.

Gidan da ya so ya gada mana ya tafi, masaƙar ma ta daɗe da yin shiru. Abin da ya saura shi ne taurin kan nan nasu na gado: shi ya hana Baba komawa gida, shi kuma ya hana yayansa ba da wurin. Ranar da muka kai Baba ƙauye, bayan fasto ya gama addu'a, Baba Yakubu ya dafa akwatin ya ce, "Sannu da zuwa, Bulus. Ka daɗe a hanya."