Rabon Tsohuwa Mai Tumaki

A Pauwa na girma, a ɗakin kakata da muke kira Iya. Da an idar da sallar isha'i sai ta tura kara cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Iya ba ta iya zama hannu sake ba. Ko tana ɓarar gyaɗa, ko tana gyaran auduga, kuma labarinta ma haka yake, ba ya tsayawa inda yaro ke so ya tsaya.

Akwai guda da ya fi ba ni haushi, shi ne kuma yau ya hana ni sukuni.

"Ku matso, ga wata tafe," in ji ta. Muka ce ta iso.

Wai wata tsohuwa ce mai tumaki goma, ƙafa ta gaza, ba ta iya bin su daji. Sai makiyaya biyu suka zo neman ta ba su kiwon raba, wato su yi kiwo, abin da aka haifa a raba. Na farko a fadamar bayan gari yake kiwo, inda ko daga bakin ƙofa ana hango shi. Ta ba shi biyar, ta ce cikin 'ya'ya uku ɗaya nata. Na biyu kuwa can bayan duwatsu yake zuwa, inda ciyawa ke kai ƙugu, tunkiya ta yi ta zuba tagwaye. Ta ce da shi cikin uku, biyu nata.

Nan Iya za ta kumbura murya ta zama makiyayin. "Haba tsohuwa! Wajena ya fi albarka, shi ne za ki fi tsuga mani?"

Sai ta koma muryar tsohuwa, a sanyaye. "Yaro, can akwai kura?"

"Akwai."

"In ta ɗauki tunkiyata, za ka biya ni?"

"Ai ba rance ba ne, raba ce."

"To kai guminka za ka rasa, ni uwar garke. In na ɗaure su gida ina ba su dusa ma za su haihu. Abin da zai sa in tura su bakin kura, sai ya ɗara wannan sosai."

Makiyayin ya tafi yana ƙunƙuni. Bayan kwana biyu ya dawo da karnuka biyu. Tsohuwa ta dube su, ta rage kaɗan. Ya ce zai riƙa dawowa kafin faɗuwar rana, ta ƙara ragewa. Ta aika aka tambayo halinsa wajen waɗanda suka taɓa ba shi kiwo, aka ce bai taɓa ɓoye ɗan tunkiya ba, sai ta ce to a yi rabi da rabi. Amma da damina ta kama, ciyawa ta rufe hanya, ta ce a koma maganar farko har kaka.

Mu dai kura muke jira. Na ce, "Iya, ta ci ko ba ta ci ba?"

"Wata shekara ta ci, wata ba ta ci ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ku tashi, hayaƙi ya ishe ni."

Na kwanta ina jin an cuce ni. Wane irin labari ne wannan, ba a kashe kura ba, ba a kori kowa daga gari ba?

Iya ta daɗe da rasuwa. Ni yanzu malamin firamare ne a Ƙanƙara. Gonar da na gada a Pauwa ta shekara uku ba a shiga ba saboda 'yan bindiga, ƙarshe na sayar da ita da arha. Kuɗin na hannuna sai ga Sale, ɗan baffana daga Daudawa. Ya san hatsi, ya san 'yan kasuwa. Ya ce in zuba jari, ya riƙa sayo masara daga ƙauyukan Sabuwa da Faskari yana kawowa, riba rabi da rabi, faɗuwa kuwa ta mai dukiya ce tunda shi ƙarfinsa ya sa.

Kwana uku ina kai da kawowa tsakar gida har matata ta ce zan haƙa rami da ƙafa. A nan cikin gari akwai mai injin niƙa da ke neman abokin tarayya. Ribarsa kaɗan ce, amma kullum zan wuce in gan shi yana aiki. Hanyar Sabuwa kuwa kowa ya san yadda take.

Da Sale ya dawo na ce, "In waccan hanyar ce, cikin uku biyu nawa."

Ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa. "Yaya, ni kake yi wa ciniki kamar baƙo?"

"Ba kai nake yi wa ba, Sale. Hanyar nake yi wa. In aka tare motar, wa zai mayar mani da gonar Baba?"

Ya tashi ba sallama. Baffa ya aiko a gaya mani bai zaci haka daga gare ni ba. Abin ya yi mani ciwo ƙwarai, amma ban janye ba. Bayan kwana tara Sale ya sake zuwa. Ya ce ba zai ɗora kayan duka a mota ɗaya ba, ba zai bi hanya bayan la'asar ba, kuma ƙauyukan da ke can ciki ya bar su. Muka tsaya a kan cikin biyar uku nawa. Muka yi musabaha, amma bai dube ni ba.

Ina yaro na ɗauka tsohuwar nan rowa gare ta. Yanzu na gane tsoronta take yi wa kuɗi, ta ƙara in haɗari ya ƙaru, ta rage in an rage mata shi. Abin da ban sani ba sai da na shiga shi ne, kaso mai tsoka ba ya sayen kwanciyar hankali. Biyan rashin kwanciyar hankalin kawai yake yi.

Yau da asuba motar farko ta tafi. Na shiga aji na rubuta darasi a allo, na goge, na sake rubuta shi daidai yadda yake. Yara suna kallona. Wayata na cikin aljihu, na taɓa ta ya fi sau ashirin. Azahar ta gota, kuma a karon farko tun da muka fara maganar nan, ba masarar nake tunani ba. Sale nake so ya kira.