Bayan Rigar da Fim Bai Nuna Ba

A layinsu Baba Awo kowa ke ce masa, domin kallo ɗaya zai yi maka ya san faɗin kafaɗarka. Tef ɗin da ke rataye a wuyansa don hankalin mai kaya ya kwanta ne kawai. Shekara talatin da 'yan kai yana ɗinka kayan makaranta da na ma'aikatan asibiti a wani ɗan shago, tsakanin mai gyaran wuta da mai sayar da labule. Ɗinkinsa ba ado, amma yaro zai girme wa wando, ƙaninsa ya gada, zare bai saki ba.

Matarsa, wadda shi ma Malama yake ce mata, tarihi take koyarwa a sakandare. Duk zamansu ba ta taɓa ba shi ɗinki ba. Takan ce idan ta kuskura zai mayar da ita 'yar aji ɗaya, har da aljihun saka biro. Shi kuma yakan ce gara haka, don bai ga mai kayan da za ta fi ta ƙorafi ba.

A shekarar da za ta yi ritaya, malamai suka shirya wasan kwaikwayo, suka ba ta matsayin sarauniya. Akwai wani tsohon fim da take so tun tana budurwa, na wata sarauniyar zamanin da, mai riga matsattsiya a ƙugu, ƙasanta kuwa buɗe kamar an kifa kwando. Teloli biyu ta kai wa hoton rigar, kowanne ya ce ba hurumin kekensa ba ne. Ran nan da hantsi sai ga ta a shago, ta ajiye wayarta a kan teburin yanka, hoton na buɗe a fuskar wayar.

Baba Awo ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ɗago.

"Malama, da aljihun biro ko babu?"

Ta harare shi, ya yi dariya, ya ce ta bar masa wayar.

Mutumin da bai taɓa zama ya kalli fim har ƙarshe ba, sai da ya kalli wannan sau huɗu a wayar. Labarin bai dame shi ba. Da sarauniya ta fito sai ya tsayar, ya matso da tabarau, ya zana da alli a kan takarda. A nan ya gano abin da ya ɗaure masa kai: ko sau ɗaya ba a nuna bayan rigar ba. Kullum matar tana fuskantar mutane, ko tana zaune a kujera. Ya tambayi Malama, ta ce ita ma shekara arba'in ba ta lura ba. Ya ce to, bayan nasa ne, kada ta sa masa baki.

Yadi mai nauyin da yake so bai samu ba sai a wajen maƙwabcinsa mai labule, wani kore mai duhu da ke sheƙi idan haske ya taɓa shi. Abin da zai buɗa ƙasan rigar ya fi ba shi wahala. Ya gwada wayar ƙarfe, ta lanƙwashe. Mai gyaran wuta, da ya gaji da jin tsakinsa ta bango, ya kawo masa siririn bututun roba da ake zura wayar lantarki a ciki. Baba Awo ya yi zobba biyar da shi, kowanne ya fi na samansa faɗi, ya ɗinke su a cikin shafi. Allura uku ya karya. Ranar da ya gama haɗawa, rigar ta ƙi fita ta ƙofar shago, sai da aka karkata ta kamar za a fitar da tebur.

A gida aka yi gwaji. Malama ta tsaya gaban madubi tana kallon kanta. Shi kuwa yana durƙushe da allurai a baki yana daidaita kalmasa, yana jiran ƙorafi. Da ya ga ƙorafin bai zo ba, ya tambaya ko wani wuri ya matse ta.

"Ba inda ya matse," in ji ta a hankali. "Ashe ka san awona."

"Ni da nake ganinki kullum?"

Ranar wasa ya zauna a layi na uku, da zare da almakashi a aljihu ko da wani abu zai faru. Bai ji rabin abin da aka faɗa ba, idonsa na kan kalmasa. Can wajen ƙarshe sarauniya ta yi fushi da waziranta, ta juya za ta fita. Nan 'yan kallo suka ga abin da Baba Awo ya yi: maɓallai ashirin da huɗu da ya lulluɓe da yadi ɗaya bayan ɗaya, a jere daga wuya zuwa ƙugu, sai tattara mai faɗi da ta zubo tana jan ƙasa. Ɗalibai suka ɗauki tafi. Malama, maimakon ta fice kamar yadda aka tsara, sai ta rage tafiya, ta bar su suka more kallo.

Tun daga nan makarantu ke aiko a ara musu rigar. Malama takan yarda, amma Baba Awo ba ya bari ta tafi ita kaɗai. Yakan rufe shago ya bi ta, ya rage ƙugu ko ya ƙara daidai jikin wadda za ta saka, ya koya mata yadda ake zama da zobba ba tare da rigar ta tashi sama ba. Idan an gama, shi ke naɗe ta da hannunsa ya kawo gida. Bara kaɗai sarauniya shida ya shirya.