Baba Sa'adu Malamin Daji da Sunan da Na So In Cire

Ina laluben makullin babur da safen nan waya ta shigo. Ƙanin Baba Sa'adu ne. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Baba Sa'adu ya cika, bayan sallar asuba."

Na zauna a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Ɗazu muka dawo daga kai shi makwancinsa a Talata Mafara. Tun da na shigo gida nake rubutawa ina gogewa. Bari dai in faɗi abin da na sani.

Ga wanda bai san shi ba, tsohon malamin daji ne. Ya yi aikin gandun daji har ya yi ritaya, sai dai ƙafarsa ba ta san an yi ritayar ba. Daga Mafara zuwa Bakura har Maradun, in ka goya shi a babur ka shirya tsayawa, don ba ya wuce itacen da aka yi wa mugun sara bai sauka ya duba ba.

Bayan ɗakinsa cike yake da ledojin fiya wata, kowace da dashe a ciki. Ranar sunan 'yata mutane suka kawo atamfa da sabulu, shi kuwa ya zo da dashen mangwaro. Ya miƙa min ya ce, "Na jinjira ne, ba naka ba. Kai ban ruwa kaɗai an naka."

Akwai ranar da muka shiga daji na manta hula, rana kamar ta fasa kai. Ya cire malafarsa ya kifa min, ya ce shi kansa ya riga ya gasu tun da daɗewa.

Ni ne sakataren ƙungiyar masu ƙaro ta wajen Dosara. Muna da gandun dakwara, itacen da ake tsaga bawonsa ya fitar da ƙaro. Masu saye na ƙasashen waje suka ce ba za su ƙara ɗaukar kayanmu ba sai da satifiket. Kuma ba mu za mu yi wa kanmu shaida ba, ba gwamnati ba, ba su masu sayen ba. Wasu masu bincike ne na daban za su zo, su ga ba kashe dajin muke yi ba, sannan su ji daga bakin duk wanda dajin ya shafa.

Shekara uku muna shiri. Baba ne ya koya wa mutanenmu tsagar da ba ta kashe itace, da barin wani sashe ya huta, da share hanyar tare gobara kafin ciyawa ta bushe. Ba wanda ya ɗauke shi aiki. Shi ya ɗauki kansa.

Bara mai binciken ta zo, wata Hajiya mai ƙaramin jiki da ba ta gajiya da tambaya. Ta zaga gandun ta yaba. Saura jin ra'ayin jama'a, kuma wannan aikina ne.

Na kafa rumfa a ƙofar gidan mai gari, na jera fararen kujeru. Maza suka fito da manyan riguna. Mai gari ya fara magana, ya ce gari duka ya yarda da gandu. Hajiya ta ce ko akwai mai ƙorafi? Aka ce madalla. Ta sake tambaya, aka sake cewa madalla. Aka dangwala yatsu a takarda ta cika fal. Ni kuwa sai fara'a nake, har hotuna na ɗora a wannan shafin nawa, wasunku ma sun yi min sambarka.

Tana haɗa fayil ɗinta ta ce, "Akwai wanda ke amfani da dajin nan da ba ya wurin nan?"

Na ce babu.

Sai muka ji murya daga baya. Baba ne, a kan tabarmarsa, don ya ƙi zama a kujera.

"Akwai, Hajiya. Matan da ka ɗibar icce ba su nan. Hilanin da ka bi da shanu ba su nan. Mahautan Bakura da ka zuwa saran iccen gashi, su ma ba su nan. Waɗanga kuma da kika gani, gaban mai gari ba mai cewa a'a."

Hajiya ta yi rubutu mai tsawo. Daga baya ta ce min a wannan zuwan ba satifiket, sai mun ji ta bakin waɗancan, sannan ta dawo.

Ba zan ɓoye ba, na ji haushinsa sosai. Ni na goya shi zuwa Mafara, na sauke shi na juya ba ko sallama. Wata biyu gaisuwarmu ta koma ɗaga hannu daga nesa. Har na faɗa wa wani cewa tsufa ne ya fara taɓa shi. Allah ya yafe min wannan.

Wata safiya sai ga shi a ƙofar gidana da goro, kamar ba abin da ya faru. Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi mangwaro, sannan ya ce, "Sakatare, tashi mu tahi. Aje biro, kunne kaɗai za ka ɗauka."

A nan na ga yadda ake tambayar mutane.

Wurin mata, matarsa ya sa ta shiga ciki, mu muka zauna a zaure muna jira. Ashe wayar shingen da muka kewaye gandun da ita ta toshe musu gajeriyar hanyar itace, sai sun yi dogon zagaye da kaya a kai. A ruga muka sha nono, aka yi hirar ruwan sama da ciwon shanu kusan awa guda, kafin Ardo ya ce shingenmu ya ci rabin burtalin da suke bi zuwa mashaya. Mahauta kuwa ranar kasuwa muka same su a Bakura, hannu duk maiƙo. Suka ce su busasshe suke so, in za a bar musu rassan da aka rage ba ruwansu da ɗanyen itace.

Duk wannan ba wanda ya faɗa a ƙarƙashin rumfata.

Abin ya ɗauki watanni, don kun san halin hanyoyinmu, ba kullum ake shiga ba. Amma muka buɗe ƙofofi biyu a shingen, muka ja waya baya daga burtali, muka ware wa mahauta ranar ɗibar busasshen itace. Kowa ya ce ya gamsu.

Ban da Inna Kulu.

Tsohuwa ce a ƙarshen gari, mijinta ya daɗe da rasuwa. Baba ya durƙusa ya gaishe ta, ya zauna a kan turmi yana sauraro. Ta ce, "Kusurwar gabas ta gandunku gonar maigidana ta. Aro yab bayar, ba kyauta ba. Nan nike ranar da anka yi maganar."

Ba takarda, waɗanda suka shaida duk sun rasu. Dattawan gari sun san zancen, amma kowa ya kama bakinsa. Ga shi a wannan kusurwar ne dakwararmu mafi ba da ƙaro take. Kuma Hajiya ta riga ta gaya mana cewa filin da ake jayayya a kansa ba a ba shi shaida sai an warware.

Mako mai zuwa za ta dawo. Ta ce in tura mata jerin waɗanda muka tuntuɓa da abin da kowa ya ce, ita za ta zaɓi gidajen da za ta shiga.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaishe da Baba. Yana kwance a inuwa, ƙafafu sun kumbura, amma bakin nan yana nan. Na nuna masa jerin. Ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, in karanta masa. Na karanta har ƙarshe.

Ya ce, "Ban ji Kulu ba."

Na ce, "Baba, mutum ɗaya ce. A bari satifiket ya fito, sai kwamitin ƙungiya ya zauna da ita. Ƙaron mutane na nan jibge a sito, ba mai ɗauka. In ta sake komawa hannu wofi, da wane ido zan kalle su?"

Ya ce, "Sakatare, takardar ga mi za ta ce? Ba cewa za ta yi an tambayi kowa ba? In kac cire Kulu, ƙarya munka yi wa wahalar shekara ukku. Rubuta sunanta. Rubuta ba ta yarda ba."

Na ce, "To Baba, zan duba."

Kun san abin da "zan duba" take nufi. Shi ma ya sani. Ya yi 'yar dariya, ya ce a damo min fura, ya koma tambayata ko an share hanyar gobara ta yamma. Na sha fura na yi sallama. Ganina da shi na ƙarshe ke nan, kuma ban yi masa alkawari ba.

Har jiya jerin yana cikin wayata, ba sunanta a ciki.

Yau da muka dawo daga maƙabarta muna zaune a ƙofar gidansa ana karɓar gaisuwa, aka ce ana kirana a zaure. Inna Kulu ce. Tun daga Dosara ta shigo motar kasuwa da sandarta. Ta yi min gaisuwar rashi kamar ni ne ɗansa, ta share ido da gefen mayafi. Sannan ta ce:

"Ɗana, Malam Sa'adu ya aiko man da saƙo shekaranjiya. Yac ce in kwantar da hankalina, kai za ka kawo baƙuwar har gida ta ji daga bakina. Wace rana ta, in share tsakar gida?"

Ashe shi ya riga ya yi alkawarin a madadina.

A nan ne kukan da ban yi a maƙabarta ba ya zo. Na ce mata Talata, in Allah ya yarda.

Na tura jerin kafin in fara wannan rubutu. Sunanta na ciki, a gabansa na rubuta: ba ta yarda ba, ta ce kusurwar gabas aro ce.

'Yan ƙungiya, na san da yawanku za ku karanta. Mai yiwuwa bana ma mu rasa satifiket. Mai yiwuwa mu rasa kusurwar gaba ɗaya. Ban shawarci kwamiti ba, ni na yi, wanda ransa ya ɓaci ya same ni. Sai dai ku bari a gama zaman makoki.

Ya Allah, ga bawanka Sa'adu ya zo gare Ka. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka masa shi. Duk itacen da ya dasa wani ya sha inuwarsa, Ka sa a mizaninsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, mu kuma Ka sa mu cika da imani.

Duk wanda wannan rubutu ya iso gare shi, ko bai san Baba ba, ina roƙon ya tsaya ya yi masa addu'a. Ku haɗa da ni, Allah ya tsayar da ƙafata ranar Talata.