Madam Kezia Mai Ƙirga Motocin Bakin Gada

Shekara talatin da ɗaya, duk safiyar Litinin da Alhamis, Madam Kezia Othniel takan tsaya a bakin gadar Binuwai ta ɓangaren Jimeta, da lema da littafi. Tirela, bas, keke napep, duk abin da ya wuce sai ta ja masa layi. Direbobi sun daɗe suna zaton mai karɓar haraji ce. Ita kuwa jami'ar tsara zirga-zirga ce. Aikinta ta gano daga ina mutanen Yola da Jimeta da Vinikilang suke tasowa, ina za su, me ke tsayar da su.

Abin da ta gano ba daɗin ji. Mai alayyahu daga Vinikilang sai ta sauya keke uku kafin kasuwa, ganyen ya yi yaushi, don kowace tasha ta shata iyakarta. Madam ta zana taswirar layukan bas da za su haɗe garuruwan har da Malkohi. Sau bakwai tana kai ta gaban manya. Kowa ya yaba, ya ce a kafa kwamiti.

Shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Malkohi, naƙuda ta kama wata mai suna Zulaihatu. Mai keken da ya ɗauko ta zuwa asibiti ya sauke ta a iyakar tasharsa, don in ya tsallaka za a ƙwace masa makulli. Kafin a samu wani, an yi kusan awa biyu. Jaririn bai zo da rai ba. Madam ba ta san matar ba, amma da labarin ya kai mata sai ta je gaisuwa.

"Adda," in ji Zulaihatu, "asibitin ba nisa fa. Jira ne ya kashe mini shi."

Daga ranar Madam ta bar bin ofisoshi, ta koma bin tashoshi. Malam Jalo, shugaban masu keke na wata tasha a Yola, bai ɓoye mata ba: "Madam, in na bar ɗan Jimeta ya shigo nan, mutanena su ci me?"

"Ban ce ka ba shi kasuwarka ba, Malam Jalo. Mara lafiya da mai ciki kawai nake roƙa."

Wata biyar tana zarya cikin zafin Yola, kafin shugabannin suka yarda: keken da ya ɗauko mara lafiya ko mai ciki ya ɗaura jan ƙyalle, ya wuce kai tsaye. Jalo da bakinsa ya ce ya san mata tara da suka haihu lafiya ta wannan hanyar. Shekara biyu abin ya yi. Wasu suka fara ɗaura ƙyallen su kwashi buhunan masara, aka canja shugabanni, maganar ta mutu. Taswirar kuma damina ta shiga ta rufin ofis ta jiƙe ta.

A watan jiya Madam ta yi ritaya. Da aka miƙa mata lasifika a wurin bankwana, sai ta ce, "Ban gama komai ba. Ku yafe mini." Ta zauna.

Madam, mu ne masu neman yafiya. Ke ce kika ga gari ɗaya a inda kowa ke ganin iyaka. Ke ce kika je gaisuwar jaririn da ko suna bai samu ba. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar gwiwar da tsayuwa ta cinye.

Kujerarta ta ofis har yau babu kowa a kai. Ta ce duk matashin da ke son koyon aikin ya same ta a gida ranar Asabar, kyauta. Asabar huɗu ta share tsakar gida ta jera kujeru, ba wanda ya je. 'Yan Yola, 'yan Jimeta, 'yan Vinikilang, don Allah ko mutum ɗaya ya je.