Maccido Ba Ya Ƙara Gas

In ka shigo Tambuwal ka nemi mai gyaran esin mota, wato na'urar sanyaya cikinta, za a nuna maka gindin wata darbejiya a bakin titin Jega, a kuma gargaɗe ka cewa mutumin taurin kai gare shi. Haka ne kuwa. Ni Namadi na Kebbe na taɓa zazzaga masa rashin mutunci a gaban jama'a, har gobe ina jin kunyar abin.

Maccido sunansa, mutumin Dogon Daji. Manomin gero ne kamar ubansa, da damina sai ya dawo daga gona yake buɗe akwatin kayan aiki. Gyaran firji ya fara koya a Sakkwato, daga baya ya koma mota. Hannunsa na hagu duk tabon ƙuna ne, kuma ba ya ɓoye shi.

Lalurar Inna ce ta kai ni wurinsa. Ciwon ƙoda ya kama mahaifiyata, duk Laraba sai na kai ta Sakkwato wankin ƙoda a tsohuwar Marsandin da Baba ya bari. Ga hanyar Kebbe duk rami, ga zafin watan Afrilu, ga esi ya mutu. Sau biyu tana some mini a kujerar baya. Wallahi tsoro ya kama ni, na ga hanyar za ta kashe ta kafin ciwon. Wani mai gyara a kasuwa ya ɗura mini gas, sanyi ya zo kwana uku ya gudu.

Ran Litinin na faka a gindin darbejiya na ce, "Malam Maccido, gas kawai za ka ƙara mini, sauri nake."

Ya buɗe gaban motar, ya danna bakin bututu, ya kai hanci. Sai ya ja baya.

"Wa yaz zuba maka wanga abu? Gas ɗin girki ne. Kuma cikin mota shika zuba, inda tsohuwa taka zama. Tartsatsi guda ya isa."

Na ce to ya zubar ya sa mai kyau. Ya ce motar da tsohon gas aka ƙera ta, wanda aka daina sayarwa. Kafin ta karɓi sabon, sai an wanke bututun duka, an juye man kwamfireso, injin da ke tura gas ɗin, an zuba wanda ke tafiya da sabon gas, an canza robobi da 'yar tukunyar da ke tsotse danshi. Aikin kwana biyu.

Kai! Nan na fashe. Na ce da shi mugu, marar tausayi, wanda bai san darajar uwa ba. Masu faci da mai shayi duk suka juyo. Sai ya miƙo mini hannun nan mai tabo.

"Namadi, ni ma na taɓa ƙara ma wani gas don shina sauri. Ni hannu kaɗai na rasa fata, shi fuska. Ba ni sakewa. Bar motag ga, Laraba da safe ka iske ta."

Na jefa masa makulli na hau babur ina huci.

Abin da ya biyo baya mai shayi ne ya ba ni labari. Ba a samu 'yar tukunyar a Tambuwal ba, Talata da sassafe Maccido ya shiga motar haya zuwa Sakkwato, ya dawo da ita da azahar. Ya kwance gaban motar kaf, ya bi kowane maɗauri da kumfar sabulu har ya gano inda ke yoyo. Ba wuta, ya aro janareton mai walda ya kunna injin zuƙe iska. Allurar agogon gwaji ta ɗan motsa, alamar da sauran yoyo, ya sake kwancewa. Motoci uku ya mayar a ranar saboda aikin tawa.

Laraba na zo da Inna a motar maƙwabci, tuni ta fara haki. Maccido da kansa ya buɗe mata ƙofa, ya rusuna ya ce, "Inna, Allah shi ba da lafiya." Ni ko kallonsa na kasa yi.

Muka kama hanya. Ina tuƙi ina leƙen madubi, don wajen Shagari ta saba somewa. Muna shiga Shagari kuwa na ji ta kira sunana a hankali. Na taka birki da ƙarfi, na juyo.

Ta ce, "Miƙo min mayafina, ɗan nan. Sanyi nika ji."