Kashi Na Huɗu Da Na Zuba Wa Taki

Ina kasuwar Rogo wajen masu gyaɗa, hannuna cikin buhu ina duba ko ta bushe, aka miƙo mini wasiƙa daga jami'a. Sau uku na karanta ta a tsaye. Majalisar da ke gudanar da jami'ar ta yi doka cewa kwamitin da ke sa ido kan binciken da malamai ke yi a gonakin mutane dole ya samu manomi ɗaya a cikinsa, kuma ƙungiyarmu ta manoman gyaɗa ni ta miƙa. Iyakar karatuna firamare, sai na allo. Turanci ina jinsa fiye da yadda nake iya mayarwa. Amma ranar nan ko gyaɗar ban saya ba. Na hau acaɓa zuwa gida da wasiƙar a aljihun gaba, duk wanda muka gaisa da shi sai na ji kamar in ciro in nuna masa.

Zamana na farko har yanzu ina ganinsa. Jami'ar gari ce guda, da titunanta da motocin hayarta. Aka kai ni wani ɗaki mai dogon tebur, kowa da na'urar magana a gabansa, ni ma da tawa. Shugabar kwamitin farfesa ce, dattijuwa mai tabarau, ta miƙe ta gaishe ni da Hausa, ta tambayi mutanen gida da damina, ta ce duk abin da ya shige mini duhu in tsayar da su a fassara. Na ga tsarin da ya burge ni ƙwarai. Ba a fara komai sai an karanta abin da aka yanke a zaman baya kowa ya amince. Daga nan shugaba ta yi tambaya ɗaya wadda ba ta taɓa tsallakewa: ko akwai wanda yake da hannu ko dangantaka da wata magana da za a tattauna, ya faɗa ya fita kafin a zo kanta. Na ga babban farfesa ya tattara takardunsa ya fita saboda a kan ɗalibinsa za a yi magana. Da na dawo gida na ba da wannan labarin a majalisarmu ta ƙofar masallaci har mutane suka gaji da ni.

Kuma na yi amfani, ba yabon kai ba. Ni na hana a sa ranar taron manoma ta faɗo ranar kasuwa. Ni na ce takardar amincewa da ake ba mutum ya dangwala a karanta masa ita da bakinsa na gida. Suna rubuta abin da na faɗa, ni kuwa kaina yana ƙara girma.

A shekarata ta biyu aka kawo gwajin wani takin gyaɗa yankinmu, gonaki shida, tawa ɗaya daga ciki. Mai kula da aikin malamar gona ce ta jami'ar, 'yar Karaye, mace mai kamar shekara arba'in, ba ta da yawan magana. Ta zo da igiya da turaku ta raba wani ɓangaren gonata kashi huɗu. Uku za a ba su takin, kowanne da gwargwadonsa. Na huɗun ta ce kada a sa masa komai, ko toka. Da shi za a gane abin da takin ya ƙara. Na ce na ji, kuma wallahi na ji, amma ban ɗauke ta da nauyi ba.

Matsalar ita ce kashi na huɗun shi ya faɗo bakin hanyar da ke bi zuwa Karaye. Bayan noman fari ukun suka yi duhu suka baje, shi kuwa ya tsaya fari-fari kamar mai jinya. Duk wanda ya wuce shi yake fara gani. Wani abokin wasana, da muke tsokanar juna tun muna yara, ya tsayar da babur ɗinsa ya ce, "Ɗan kwamiti, wannan ce gyaɗar jami'ar? Ai gara ta tsohuwata ta bayan ɗaki." Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Shekara arba'in ba a taɓa nuna gonata da baki ba. Kuma a wurinmu barin shuka da yunwa alhali kana da abin ba ta, ba halin manomi ba ne. Washegari da hantsi na ɗauki ragowar takin masarata da mangala biyu na takin awaki na bi kashin nan layi-layi. Ban tsaya nan ba. A majalisa na ce wa sauran biyar ɗin su ma su taimaki nasu, malaman nan gyaɗa mai kyau suke son gani. Tunda ni ne ɗan kwamiti, ba wanda ya yi musu.

Malamar tana zuwa duk mako biyu, ko ana ruwa. Da ta ga kashin ya murmure ta daɗe a tsugune tana duba ganyen, sannan ta ɗago ta ce, "Baba, ba a sa komai a nan ba ko?" Na ce mata me za a sa, ƙasar wurin ce mai kyau. A lokacin na san na yi ƙarya, amma na ɗauke ta ƙaramar ƙarya. Da kaka ta zo da sikelinta ta auna kowane kashi a gabanmu, ta rubuta abin da ta gani.

Wata huɗu bayan haka na buɗe takardun zama a cikin motar zuwa jami'a, na ga maganarta ce ta uku. A sauran wuraren da aka yi gwajin, kashin da ba a ba taki ba ya gaza sosai. A gonakinmu shida kuwa duk huɗun kusan ɗaya suke. Wani babban malami ya rubuta cewa hakan ba ya yiwuwa, alamu sun nuna ba ta je gonakin ba, a ofis ta zauna ta cike takardun. Ana neman a dakatar da ita a bincika, in ta tabbata a kore ta.

Shugaba ta yi tambayarta ta kullum. Na sunkuyar da kai ina gyara hulata. Na yi tunanin kujerar nan, da yadda ake miƙe mini a majalisa, da abin da abokin wasana zai ce. Na ce a raina bincike ne kawai, za su gano ba ta da laifi ba sai na yi magana ba. Wani ya tambaye ni ko na san malamar, na ce ina ganinta. Da aka ce masu goyon bayan dakatarwar su ɗaga hannu, nawa ne ya tashi a ƙarshe, amma ya tashi. Wannan hannun shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

Malamar ta zo gidana bayan mako uku. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba, ba ta san yadda na yi a zaman ba. Abin da take roƙo kaɗan ne: in rubuta mata shaida cewa tana zuwa gonar. Ta ce an hana ta shiga ofis, maƙwabtanta sun fara tambaya. "Baba, korar ba ita ta fi damuna ba. A ce na yi ƙarya a aikin da na yi shekara goma sha biyar ina yi, shi ne ba na iya haɗiyewa." Na ce ta je zan duba.

Tana fita maiɗakina ta ɗaga labule. Ashe duk ta ji. Ta ce ita ta share wurin da na kwashi takin awakin, ta kuma ga inda jaki ya nufa, don haka kada in ce mata zan duba, ba abin da ya ɓace. Ta ce in ina son kujerar in ɗauko ta in kawo gida in zauna, amma ita ba za ta ƙara gaisawa da yarinyar nan da wannan abu a ranta ba.

Abin mamaki, ina yanke shawarar faɗa sai na ji wani ƙarfi ya zo mini kamar na saurayi. Na bi manoman biyar gida-gida. Biyu suka ce ni na sa su, ni zan je. Na ce gaskiya ne, ni zan yi magana, su zo su tsaya kawai. Ranar zama muka cika bayan wata bas tun da sassafe, kowa da babbar rigarsa ta Juma'a, har da abokin wasan nawa da ba shi da gona a gwajin, ya ce ba za a ba shi labarin yadda aka tsige ni ba. Hanya duk raha muke. Ɗaya ya taho da buhun takin da ya zazzage, a ninke a hammata, wai shaida. Ni dai rabona da jin daɗin tafiya irin wannan na manta.

Na bar su a kan benci a baranda na shiga. Shugaba ta yi tambayarta. Wannan karon ban jira ta rufe baki ba, na miƙe, na ma manta da na'urar maganar. Na ce, "Ranki ya daɗe, ina da hannu a magana ta biyu, kuma ina da shi tun wancan zaman na ɓoye. Ɗaya daga gonakin tawa ce. Ni na zuba wa kashi na huɗu taki, ni na sa sauran suka zuba. Malamar ta tambaye ni na yi mata ƙarya."

Shugaba ta cire tabaranta ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce sakatare ya rubuta yadda na faɗa, ta ce in fita a matsayin ɗan kwamiti, za a kira ni a matsayin mai shaida. Haka aka yi, aka shigo da mu mu shida muka jeru. Wani farfesan ilimin ƙasar noma ya karɓi buhun nan ya juya shi, ya shiga tambaya: mudu nawa, wane mako, kafin ruwa ko bayan ruwa. Yana rubutawa yana girgiza kai yana murmushi, ya ce awon malamar daidai yake da abin da muka zuba, ko shi aka aika abin da zai samu ke nan. Malamin da ya rubuta ƙarar ya ce shi bai taɓa kawo wa ransa manomi zai sa takinsa a gwajin wani ba. Ɗaya daga mutanena ya ce masa, "Malam, kai ma da gonarka ce a bakin hanya da ka sa." Har shugaba sai da ta dara.

Muka koma baranda. Awa biyu muna jin muryoyi na tashi suna sauka. Sannan aka kira ni ni kaɗai aka karanta mini hukunci da Hausa. An soke ƙuri'ar wancan zaman tunda mai hannu a maganar ya jefa. Za a rubuta wa majalisar jami'a a janye dakatarwar, a ba malamar takardar wanke ta. Sakamakon gonakinmu na wannan shekara an zubar da shi gaba ɗaya. Daga yanzu ba za a fara gwaji ba sai an tara manoma an yi musu bayanin dalilin barin kashi ɗaya haka, kuma a kafa allo a wurin mai cewa da gangan aka bar shi. Manomi mai gonar gwaji ba zai zauna a kwamiti ba. Ni kuma kujerata ta ƙare daga ranar. Shugaba ta raka ni har ƙofa, ta ce da na faɗa tun farko da fita kawai zan yi na rabin awa in dawo.

Na fito ina gaya wa mutanena an wanke ta, muna ta musabaha a baranda kamar an yi mana haihuwa. Abokin wasana ya ce bai taɓa ganin wanda aka kora yana washe baki haka ba.

Majalisar jami'ar ta amince a zamanta na gaba, malamar ta koma aiki. Na je Karaye har gidansu, na faɗa mata komai a gaban mahaifiyarta, har da hannun da na ɗaga, wanda ba wanda ya gaya mata. Ta ce ƙarin girman da take jira a shekarar ya wuce ta lokacin dakatarwar, sai wani zagayen, kuma akwai waɗanda suka ji zargin ba su ji wankewar ba. Na ce ta yafe mini don Allah.

"Na yafe, Baba, Allah ya yafe mana," in ji ta. "Amma bana in na tara manoman Rogo Sabon Gari, kai za ka tashi ka ba su labarin nan da bakinka. Ni in na faɗa ba sa ji."

Na je. Na tsaya a gaban mutum fiye da yadda na zata, na faɗa tun daga farko, ita tana zaune a gefe tana yanka igiyar awo.