Kawu Sambo da Inzayiminsa

Duk wanda ya san Kawu Sambo a Gwandu ya san ba a zubar da komai a gabansa. Ɓawon gyaɗa, tsinken tsire, igiyar da ta tsinke, sai ya sunkuya ya ɗauka yana cewa, "Bakteriya ba ta da bola, kai wane ne?" Ni ɗan ƙanwarsa ne, ina koyarwa a Kalgo, kuma na sha wannan tambayar fiye da yadda na sha furar gidansa.

Ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a har ya yi ritaya, ya dawo gida da firij, da madubin duba ƙwayoyin cuta, da buri guda. Akwai wani sinadari a cikin bakteriya, inzayim ake ce wa irinsa, wanda ke kama ragowar abin da ƙwayar ta gama amfani da shi, ya raba shi biyu, ya mayar mata ta sake gini. Kawu yana son ya ga siffarsa kafin ya mutu. Hanyar kuwa ɗaya ya sani: a lallaɓa sinadarin ya daskare kamar ƙwayar gishiri, a haska masa eksire, a lissafo kamanninsa. Matsalar ita ce yanar ido ta fara rufe masa gani.

A firij yake ajiye sinadarin ya daskare, saboda haka firij ya zama haramtacce. Matarsa, Inna Hajo, ta taɓa saka zoɓo a ciki, Kawu ya fito ba hula.

"Hajo! Wa yab buɗe wanga firij?"

"Zoɓo na sa, Malam, ba wuta ba."

"Kin girgiza mini aikin damina guda!"

"To in girgiza ka kashe shi, ya za shi yi da gargadar hanyar Maruda ran da za ka kai shi birni?"

Zoɓon dai ya sha, don ba a zubarwa.

Wata Juma'a ya aiko in zo maza. Na tarar an yanka zakara, ga tsohon abokinsa Malam Bitrus, malamin kimiyya mutumin Zuru, an kira shi shaida. Abu ya daskare! Da yake idon Kawu ba ya gani sosai, Malam Bitrus ne ya leƙa madubin, ya taɓa ƙwayar da allura. Ta inzayim taushi gare ta, da an taɓa take rugujewa. Wannan kuwa sai da muka ji ƙaras.

"Sambo," in ji shi, "gishiri ne."

Inna Hajo ta leƙo daga madafa ta ce, "Miƙo shi nan, miyar zakaran da saura."

Maganar aikin ido kuwa, mun yi har mun gaji. Ya ce shi ba mai sa masa wuƙa, kuma duk abin da ke Gwandu ya riga ya gan shi, wasu ma ya gan su fiye da kima. Sai ya koma ƙera siffar inzayimin da karan dawa da ƙaya, da lalube, yadda yake zato: dunƙule ɗaya mai baki a gefe. Akuya ta cinye na farko. Ya ce ba komai, ita ma sake sarrafawa ta yi.

Ana nan sai wasu masu bincike a wata ƙasa suka riga shi. Na ga hoton a waya, na hau mashin daga Kalgo na kai masa, ina tsoron baƙin ciki ya kwantar da shi. Ya kai wayar har kan hancinsa, ya juya ta, ya miƙo mini.

"Mi ka gani?"

"Kawu, kamar taliyar da aka murɗa, ja da shuɗi."

"Taliya! Kai aka ba 'ya'yan mutane ka koyar? Tashi ka samo mota."

Abin da roƙon dangi ya kasa, jahilcina ya yi shi. Aka yi aikin, aka cire bandeji, bai nemi ganin kowa ba sai waya. Ya daɗe yana kallo. Ashe inzayimin ba ɗaya ba ne, biyu ne manne da juna, kuma a mahaɗarsu ake yankan, kowane yana riƙe wa ɗan'uwansa.

"Kai!" ya ce. "Ina ta neman gwauro, ashe magidanci na!"

Inna Hajo ta ce, "Ka ga naka, to ka juyo ka ga mutane."

Ya juyo, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Hajo, yaushe kika tsufa ba ki hwaɗa mini ba?"

Bai kai wata daminar ba. Ban taɓa jin ya yi ƙorafin an riga shi ba, gani yake so, kuma ya gani. Allah Ya jiƙan Kawu Sambo, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba Inna Hajo haƙurin shirun da gidan ya yi. Amin.